Wa Ya Kawo Teku Lakwaya?

Ina roƙon Edita ya ɗan ba ni fili a wannan mujalla tamu mai albarka, in fitar da wani abu da ya tokare mini maƙogwaro tun hutun da ya wuce. Na sani sarai akwai waɗanda maganar ba za ta yi wa daɗi ba, har da wasu manyan mawaƙan wannan ƙungiya waɗanda muke ci a kwano ɗaya da su. To, sai dai su yi haƙuri, zama ni kaina ina cikin masu laifin, kamar yadda mai karatu zai gani in ya daure ya bi ni zuwa ƙarshe.

Ni mutumin Lakwaya ne, cikin ƙasar Gwarzo, yamma da birnin Kano. Duk wanda ya san wajen ya san tsakaninmu da teku tafiya ce ta kusan kilomita 1,000 in aka nufi Ikko. Cikin dattawan garinmu, in ka ɗebe alhazan da suka hango Bahar Maliya ta tagar jirgin sama, waɗanda suka taɓa ganin teku da idonsu ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Amma ranar da na koma gida hutu, ina sauka daga mota, me zan gani? Teku ya zo Lakwaya.

An buɗe sabon shagon aski a bakin hanya, aka kira mai fenti ya ƙawata bangon. Ya zuba shuɗi tun daga ƙasa har indararo. Ga wata igiyar ruwa ta miƙe tsaye ta fi soro tsawo, ta lanƙwaso kai tana kumfa, ga itatuwan kwakwa biyu sun karkata, ga rana ja wur tana shirin faɗuwa. A tsakiyar ruwan kuwa ga wani Bature da ɗan kamfai, gashi kamar gemun masara, ya ware hannuwa yana tsaye a kan wani dogon allo. Ba zan ci amanar mai fentin ba, yaron yana da hannu, don kuwa kumfar nan sai ka ce za ta fantsamo maka a riga.

Washegari muka biyo ta wurin ni da kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya fi shekara 30 yana su a madatsun ruwan yankinmu. Ya tsaya ya ƙura wa bangon ido, ya daɗe, sa'an nan ya ce, "Kai ɗan boko, wannan bawan Allah ambaliya ce ta ci garinsu? Ga shi ta ɗauko shi a kan ƙyauren ɗakinsa, ko riga babu." Na ce, "A'a Kawu, wasa ne na mutanen bakin teku. Suna hawa igiyar ruwa da allo, tana gudu da su." Ya ce, "To, me yake kamawa?" Na ce ba ya kama komai. Ya ce, "Ko 'yar karfasa?" Na ce ko ita. Ya gyara komarsa a kafaɗa, ya ce, "Allah ya kyauta," ya yi gaba abinsa.

Mutanen da ke zaune a benci suka fashe da dariya, ni ma na dara. Sai da dare ina kwance abin ya dawo mini, na ga ashe ba abin dariya ba ne. Ga mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa cikin ruwa, ya san shi kamar yunwar cikinsa, yau an zana ruwa a bangon garinsu amma bai ga kansa a ciki ba, bai ma gane ruwan ba.

Tun daga ranar idona ya buɗe. Daga Gwarzo zuwa Kabo, daga Rimin Gado har Kabuga, sai na riƙa ganin tekun nan yana bi na. Yana bangon masu sayar da lemo, yana labulen masu ɗaukar hoto, yana jikin kalandar biki inda za ka ga ango da amarya 'yan Getso an liƙa su da kwamfuta a kan farin rairayi, raƙuman ruwa na tasowa a bayansu. Da na dawo makaranta kuma sai na tarar ya riga ni isowa. A zaman karatun waƙa na ƙungiyarmu, wannan ya tashi ya ce ya nutse a tekun ƙauna, wancan ya ce igiyar bege ta jefa shi tsibiri, wani kuma yana zaune a gaɓa yana jiran jirgin masoyiya. Na tambayi ɗaya daga cikinsu, abokina ne ƙwarai, ko ya taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa. Ya ce ko kududdufin unguwarsu mahaifiyarsa ba ta bari ya kusanta ba. Na sani malamanmu na da sun kira ilmi bahar, sun kira babban malami kogi, amma wannan aro ne da aka daɗe da taunawa aka haɗiye. Na yanzu ko ɓare shi ba a yi ba.

Kada mai karatu ya ɗauka gaba nake yi da teku, ko da masu hawan igiyarsa. Ko kusa. Wasan nan tsohon abu ne a tsibiran Hawai da ke tekun Pasifik, inda sarakuna da talakawa, maza da mata, suka daɗe suna yinsa tun kafin Turawa su iso, da kirarinsa da waƙoƙinsa. 'Yan mishan da suka fara sauka can a 1820 suka ƙyamace shi, ya ja baya ƙwarai, sai a farkon ƙarni na 20 ya farfaɗo. Duke Kahanamoku, ɗan asalin tsibiran, wanda ya ci lambar zinare a iyo a gasar Olamfik ta 1912, shi ya yayata shi har Ostireliya. John Severson, mai zanen da ya kafa mujallar Surfer a Amurka a 1960, shi kansa mahayin igiya ne. In ya zana ruwa ya rufto, to ya san zafin gishiri a hanci, ya san yadda allo ke dukan haƙarƙari.

Mu dubi kuma zanen igiyar ruwa da ya fi kowane suna a duniya, watau wanda Hokusai na ƙasar Japan ya yi wajen 1831, wanda har suka sa shi a bayan takardar kuɗinsu ta yen 1,000 a 2024. Yawancin masu manna shi a riga ba su lura da cewa akwai jirage uku a ƙarƙashin igiyar ba. Jiragen dillancin kifi ne, irin masu gaggawar kai ɗanyen kifi kasuwar birnin Edo, wanda yau ake kira Tokyo, mutanen ciki sun duƙa sun ƙanƙame jirgi suna neman tsira. Watau dai Hokusai 'yan kifin ƙasarsu ya zana a bakin aikinsu. A nan kusa da mu, masuntan Fante na Elmina da Cape Coast a ƙasar Gana suna yi wa manyan jiragensu ado da fenti, su rubuta karin maganarsu a jiki, su zana alamomin gidansu. A Teshie kusa da Ankara, Kane Kwei da almajiransa sun yi suna wajen sassaƙa akwatin gawa mai siffar kifi ko jirgi, don a binne masunci a cikin abin da ya rayu a kansa. Ba na cewa mu kwaikwayi wannan, addininmu da al'adarmu sun sha bamban. Abin da nake nunawa shi ne kowannensu ruwan da ya jiƙa shi ya zana, kuma Bahaushe ya riga ya yanke hukunci tun tuni da ya ce ruwan da ya dake ka shi ne ruwa.

To, Baturen bangon Lakwaya fa, daga ina ya fito? Ai shi ba jikan Hokusai ba ne, ɗan kasuwa ne. Da wasan ya karɓu a Kalifoniya, sai 'yan jari suka ga akwai ci a ciki. Ƙungiyar mawaƙan nan ta Beach Boys da aka kafa a 1961 ta yi arziki da waƙoƙin hawan igiya, alhali mutum ɗaya tak a cikinsu ke hawa. Sa'an nan fim ɗin The Endless Summer na Bruce Brown ya bazu a 1966, da hoton tallarsa da John Van Hamersveld ya zana, ga ƙatuwar rana, ga inuwar samari riƙe da alluna. Daga nan abin ya koma jikin riguna da kalandu da kwalayen sabulu, ya bi masana'antu, ya shiga intanet, ya faɗo wayar yaron da ya yi wa shagon garinmu fenti. Gwanjo ne, gwanjon ma wanda mutum biyar suka sa suka tuɓe kafin ya iso gare mu.

Daɗin daɗawa, fim ɗin nan ya biyo ta Senegal da Gana da Nijeriya, yana nuna samarin Amurka kamar su suka kawo wa baƙar fata wannan wasa. Alhali kuwa masanin tarihi Kevin Dawson, a littafinsa Undercurrents of Power na 2018, ya nuna cewa tun shekarun 1640 wani Bajamushe mai suna Hemmersam da ya zauna a Elmina ya rubuta labarin yaran wurin a kan alluna cikin igiyar ruwa, kuma a 1834 wani Bature James Alexander ya ga irin haka a Ankara. Yau ma akwai samarin Tarkwa Bay a Ikko da ke hawa. Ashe ko da teku ɗin muka nace sai mun zana, akwai baƙin yaro ɗan ƙasarmu da ya fi cancanta ya tsaya a kan allon. Mun yi aro, kuma ko aron ba mu iya ba.

Wani zai ce, to, ku mutanen tudu wane ruwa gare ku da za a zana? Wannan tambaya ita ce ainihin cutar, don haka zan ɗan daɗe a kanta. Tun zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka shiga datse koguna. Aka yi Bagauda, aka gama Tiga a 1974, wasu suka biyo baya, har aka kammala babbar madatsar Challawa a ƙasar Ƙaraye a 1992. Mu a yammacin Kano muna da Guzuguzu da Magaga da Pada da Kusalla, ga Watari can wajen Ɓagwai. Cikin shekara hamsin ɗin nan wata sabuwar rayuwa ta tsiro a bakin waɗannan ruwaye. Manoma sun koyi su, baƙin masunta sun zo daga wasu ƙasashe sun kafa bukkoki, mata sun kama suya da banda, yaran da iyayensu ba su san iyo ba sun tashi suna ninƙaya kamar agwagi. Wannan duk a kan idonmu ya faru, kuma ba mu zana shi ba, ba mu waƙe shi ba.

Ni na bi Kawu su tun ina ƙarami, don haka ba labari aka ba ni ba. Da asuba cikin hunturu hazo yakan kwanta a kan ruwa har ka rasa inda ruwa ya ƙare sama ta fara. Sai ka ga mutum ya kwanta ruf da ciki a kan gora, ƙafafunsa na tuƙi a baya, kansa kaɗai ke yawo cikin farin hazon nan kamar ba shi da gangar jiki. Can gefe wani ya tsaya a bakin kwale-kwale ya karkace ƙugu ya watsa birgi, ragar ta buɗe a sama zagaye kamar faifai, ta tsaya ƙiftawar ido, sa'an nan ta sauka shaa. Ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya kamar dogarin da aka manta da shi a bakin fada. Ga busassun itatuwan da ruwa ya cinye tun ranar da aka datse shi, har yau suna tsaye, rassansu a sama. In bazara ta yi ruwa ya ja da baya, Kawu kan nuna mini wani wuri da sandar tuƙi ya ce, "A nan gonar kakanka take, ga inda tsamiyar take." Watau akwai kufai a ƙarƙashin ruwan da muke cin kifinsa. Jama'a, in wannan bai isa zane ba, me ya isa? Mai kwanciya a kan gora da mai tsayuwa a kan allo duk jiki ɗaya suke sarrafawa a kan ruwa, sai dai ɗaya in ya dawo hannu rabbana yara za su kwana da yunwa.

Kifayen kansu kowanne da halinsa, kamar mutanen gari. Tarwaɗa mai santsi da gashin baki, ƙurungu mai ƙaya da gurnani, minjirya da ke girgiza wanda ya taɓa ta, ragon ruwa, da gaiwa wadda in ruwa ya ƙafe takan shige laka ta yi kwanton rani har damina ta dawo. Marubucin da ke neman abin da zai kwatanta talakan ƙasar nan da shi, ina zai sami wanda ya fi gaiwa? Amma sai ya tsallake ta ya tafi neman kifin teku da bai san sunansa da Hausa ba. Harshen da muke karantawa ma shaida ne a kanmu. Mutanen da suka ce kifi na ganinka mai jar koma, suka ce iya ruwa fid da kai, suka ce in kifi ya fito daga ruwa ya ce kada ido ɗaya gare shi ba mai musu, ai ba baƙin ruwa ba ne. Tarihin Daura a bakin rijiyar Kusugu ya fara, kuma littafin da ya buɗe wa ƙagaggun labaranmu ƙofa, wanda Abubakar Imam ya shiga gasar 1933 da shi, neman Ruwan Bagaja ne tun daga farko har ƙarshe.

In muka ɗaga ido daga Kano kuwa, ga Argungu. Tun ziyarar da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai a 1934, wadda ta rufe tsohuwar gabar Kabi da Sakkwato, bikin su ya zama abin da ya zama. Dubban mutane su yi sahu a bakin Matan Fada, kowa da homa da gora, a buga bindiga su ruga ruwa gaba ɗaya kamar an fasa rumbu, a fito da giwan ruwa wanda sai ƙarti sun taru a kansa. Ga wasannin kabanci, tseren jirage da nutso da kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya. Baƙi na tahowa daga ƙetare da kyamarori don su ɗauki abin da mu muke kau da kai daga gare shi. Ga Sarkawan Yawuri a bakin Kwara, da abin da madatsar Kainji ta yi wa garuruwansu a 1968. Ga Hausawan da suka bi kifi har Baga, a tafkin Chadi wanda faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, kafin fari ya tsotse shi ya bar ƙasa da kashi ɗaya cikin goma a shekarun 1980, sa'an nan Boko Haram ta zo ta tarwatsa kasuwar banda. Ga kuma mutanen fadamar Haɗeja da Nguru, waɗanda ruwan da muka tare a Tiga da Challawa daga bakinsu aka ɗauke shi, ciyawar kacalla ta toshe musu hanyoyin ruwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa littafi. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

To, me ya hana mu? Na yi ta juya abin, kuma amsar da na samu ba ta da daɗin faɗa. Raini ne. Mun taso mun tarar ana yi wa wasu sana'o'i kallon hadarin kaji, su kuwa masunta har da ƙarin ƙarni. Muna son kifi a miya, ba ma son mai kifi a tabarma. Tekun kalanda ya yi mana daɗi ne don ba mai aiki a cikinsa. Ba mai ɗinkin raga, ba mai bin bashin jirgi, ba matar da hayaƙin banda ya cinye wa ido, ba yaro mai fitsarin jini saboda tsargiya. Hutu ne zalla, hutun ma na wanda ba mu taɓa gani ba. Ɗan boko in ya rataya shi a ɗaki yana faɗa wa baƙonsa cewa shi fa ya wuce laka. Makaɗanmu na gargajiya ba su da wannan girman kai. Ɗan Anace ya tsaya a kan 'yan dambe har ya mai da Shago abin tunawa, Kassu Zurmi ya bi mafarauta da 'yan tauri. Su ba su je jami'a ba, amma sun san mai fasaha bakin mutanensa ne. Mu da aka tara mana kuɗin gero da na kifi aka turo mu karatun Hausa, mu ne muka fi kowa gudun warin gida.

Na san abin da za a mayar mini. Na farko za a ce mai shago abin da zai jawo masa masu aski ya biya a zana, mai fenti kuma cikinsa yake nema. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ban ɗora wa yaron laifi ba. Amma wa ya koya wa masu askin cewa wannan shi ne kyau? Sha'awa ba daga sama take faɗowa ba, abin da ido ya saba gani shi zuciya ke so. Maginan Zariya da suka yi wa gidaje ado sun sa keke da agogo da jirgin sama a jikin bango kusa da dagi, ba wanda ya ce sun yi laifi, domin keken nan sun hau shi, agogon nan yana aljihun maigidan. Baƙon abu in ya shigo gari ya zauna ya zama ɗan gida. Allon hawan igiya kuwa ko inuwarsa ba ta taɓa ratsa Gwarzo ba.

Na biyu za a ce ni kifin rijiya ne, fasaha ba ta da iyaka, mai hikima yana da ikon ya zana duniyar wata ma in ya so. Ban hana kowa ba. Sai dai ina tuna wa mai wannan magana cewa a nan Zariya, a 1958, wasu ɗalibai masu koyon zane a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya don sun gaji da zana abin da malamansu Turawa suka ga dama. Aka yi musu laƙabi da 'yan tawayen Zariya. Ba su jefar da abin da suka koya ba, amma Okeke ya koma ya ɗauko zanen uli na matan Ibo ya gina aikinsa a kai, kuma da wannan duniya ta san shi. Mutane sun zo har cikin gidanmu sun koyi komawa gida, mu masu gidan muna can muna leƙen tagar wasu.

Kuma in ƙetarewar ake so, ai Bahaushe yana da tekunsa, sai dai ba na hutu ba ne. Akwai tekun Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya ƙetara zuwa Ingila tare da Barth a 1855, ya ba da labarinsa da Hausa. Akwai tekun Alhassan Ɗantata, wanda ya riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko. Akwai tekun alhazan ƙafa da suka yi shekaru a hanya kafin su tsallaka daga Sawakin zuwa Jidda. Akwai tekun bayin Hausawa da aka kai Bahiya ta ƙasar Brazil, waɗanda a 1814 suka ta da tawaye daga sansanonin su da ke bakin teku inda ake bautar da su. Akwai kuma Bahar Rum na zamaninmu, wanda samarin Afirka ke bi ta Agadas don su kai gare shi, da yawa ya zama kabarinsu. Duk wanda ya zana ɗaya daga cikin waɗannan, ni zan fara cire masa hula.

Na uku, wasu za su fake da addini, su ce zanen mai rai akwai magana a kansa. Wannan fagen malamai ne, ba zan yi musu shisshigi ba. Amma ina tambaya, Baturen nan mai kamfai ba mai rai ba ne? In an yarda da shi a bango, me ya sa sai an zo kan masunci da rigarsa da wandonsa ake tuna hukunci? Sa'an nan jirgi da raga da gora da hazo da busasshiyar tsamiya ba su da fuska. Waƙa da zube kuwa, waɗanda su ne sana'ar wannan ƙungiya, ba su da wannan uzuri ko kaɗan.

Watakila har yanzu wani na ganin maganar fenti ce kawai, bai kamata a ɗaga murya a kanta ba. To, ya saurara. Ran 30 ga Nuwamba, 2021, wani jirgi ya taso daga ƙauyen Badau ya nufi Ɓagwai a kan ruwan Watari, maƙare da mutane fiye da ƙarfinsa, yawancinsu yara 'yan Islamiyya da za su taron Maulidi. Ya kife. Aƙalla mutum 29 suka rasu. Wannan ruwa ba a Hawai yake ba, maƙwabcinmu ne, kuma ba wannan ne karo na farko da ya ci mutane ba. An yi jaje, an yi alkawari, labari ya wuce. Tun da na shigo ƙungiyar nan nake halartar zaman karatun waƙa, na ji an nutse a tekun ƙauna ya fi sau ashirin, ban ji baiti ɗaya a kan yaran Badau ba. Ana ruwa ya ci makaɗi, mu muna ta kukan ganga ta jiƙe. Mutanen da ba a zana su, ba a waƙe su, ba a sa su a wasan kwaikwayo, su ne ake mantawa da su ranar rabon gada da rigar ruwa, domin mai riƙe da alƙalamin kasafi shi ma ido gare shi, kuma idon nan mu muke ciyar da shi.

Saboda haka ina kira ga shugabannin wannan ƙungiya, a hutun da ke tafe a tura mu bakin ruwa. Duk wanda garinsu ke kusa da dam ko kogi ko tafki ya ɗauki waya da littafi ya zauna da masunta, ya naɗo kirarinsu da waƙoƙin da suke yi in suna jan taru, da sunayen kifaye da na kayan aiki, irin su mamari da mali da fatsa, da camfe-camfen 'yan ruwa, tun dattawan da suka sani ba su ƙare ba. A ware fitowa guda ta mujallar nan domin abin da aka samo, a kuma nemi ɗalibin sashen zane ya yi mata bango da abin da idonsa ya gani a Tiga ko Challawa. Masu neman abin da za su rubuta kundin digiri a kai, waɗanda ke cunkushe a kan mawaƙa uku zuwa huɗu da aka riga aka tatse, ga fili nan fetal.

Na yi alkawari tun farko zan faɗi nawa laifin. Kafin in dawo makaranta na nemi yaron nan mai fenti, na same shi yana rubuta allon wani mai sayar da magani. Na ce masa, "Malam, nawa za ka zana mini kawuna a kan gorarsa, a bangon zaurenmu?" Ya ce ai ya san Kawu, wurinsa mahaifiyarsa ke sarin kifi, kuma zai rage mini kuɗi. Sa'an nan ya ce, "Amma fa Yaya, ni sai da hoto nake aiki. Turo mini hotonsa yana cikin ruwa." Na zaro waya na shiga dubawa. Ga hotunan ƙofar jami'a, ga na abokai a ɗakin karatu, ga na 'yan ƙwallon Ingila, har da wani faɗuwar rana a bakin teku da na ajiye a fuskar wayar tun bara, ban ma san ko wace ƙasa ce ba. Na duba har ƙasa, yaron yana tsaye da burushi a hannu yana jira, babu Kawu ko ɗaya.